Ɗaga Gaban Boksuwaja: Abin da Na Koya Wajen Sa Ajasta a Bim

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen injiniyan kanikanci, wannan darasi daga gareji na ɗebo shi. A watanni huɗun da na yi ina SIWES, aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira Boksuwaja. Motar kawuna ce, malamin firamare da ya yi ritaya, kuma da ita yake zuwa gona da ɗaurin aure da jana'iza. Gabanta ya zauna, har ta kai duk tudun rage gudu da ya hau sai ka ji ƙasanta ya goga. Da damina kuwa hanyar ƙauyenmu ta fi ƙarfinta. Ɗansa ya sayo masa wasu ƙarafa guda biyu ta intanet, wai ajasta, ya ce idan aka sa su za a iya ɗaga gaban motar. Kawu ya kawo motar garejin da nake, ya miƙa wa Oga makulli, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ga ta nan, ɗana. Ba ni da wata."

Wannan magana ta "ba ni da wata" ita ta yi ta yi mini yawo a kai, domin aikin ya ƙunshi yanka ƙarfen da ke ɗauke da gaban motar gaba ɗaya, kuma irinsa ba a shiga kasuwa a same shi yadda ake samun kayan Golf. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan rubutu ɗaya ne: aikin ajasta awo ne da alama. Yanka da walda ba sa cin awa biyu, amma abin da ka auna kafin ka ɗauki zarto shi zai nuna ko mota za ta tafi daidai ko za ta riƙa ja gefe har ƙarshen rayuwarta.

Wace irin mota ce wannan?

Ferdinand Porsche ne ya tsara Beetle a Jamus a shekarun 1930. An ƙera fiye da miliyan 21, kuma ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. Mu ma a nan muna da rabo a tarihinta, domin daga 1975 an riƙa harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagry a Legas. Shi ya sa har yau za ka ga ɗaya-ɗaya a lungu, wata tana tafiya, wata kaji na kwana a ciki.

Injinta a baya yake, tankin mai kuma a gaba. A ƙarƙashin tankin nan akwai abin da makanikai ke kira bim: bututun ƙarfe biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sun gitta motar daga hagu zuwa dama, an haɗe su da ƙarafa a gefe biyu. A cikin kowane bututu akwai dogayen ganyayen ƙarfe masu faɗi, an jera su ɗaya kan ɗaya kamar sandar rake mai kusurwa huɗu. Su ne sifirin motar. A kowane ƙarshen bututu an zura hannu guda na ƙarfe wanda ya kama bakin ganyayen, ya miƙa baya, wato wajen direba. Hannuwa huɗu ke nan, biyu a kowane gefe, kuma su ke riƙe da taya.

A tsakiyar kowane bututu akwai wani dunƙulen ƙarfe mai rami daidai siffar ganyayen, an danne shi a cikin bututun don kada ya juya. Wani ɗan noti marar kai yana shiga ta gaban bututun ya ratsa dunƙulen ya zauna cikin wani ɗan gurbi a jikin ganyayen. To idan taya ta hau dutse, hannu ya ɗaga sama, ganyayen ba su da inda za su je tunda an riƙe su a tsakiya, sai su murɗe kamar yadda ake matse wanki. Da an wuce dutsen sai su warware su maido da tayar. Wannan shi ne sifirin murɗa.

Bim iri biyu ne a Beetle. Na da, har zuwa 1965, yana amfani da kinfin da linkifin, tazarar bututunsa milimita 120. Daga samfurin 1966 motocin Jamus suka koma boljoyin, tazarar ta zama milimita 150, ganye goma a kowane bututu. Ta Kawu mai boljoyin ce. Samfurin 1302 da 1303 kuwa ba su da bim sam, sifirin naɗi ne a gabansu, don haka wannan darasi bai shafe su ba. Kada kuma ku rikita shi da ƙarfen da ke bayan Golf da ƙananan motoci da yawa na zamani, wanda shi kansa ƙarfen ne ke murɗewa, sifirin naɗi kuma na ɗaukar nauyi. Suna ne ya yi kama, aiki daban.

Mene ne ajasta?

Tunda dunƙulen tsakiya shi ke riƙe ganyaye, kusurwar da ya tsaya a kai ita ke yanke tsayin mota. Idan ka juya shi kaɗan, ganyaye da hannuwa duka za su juya tare da shi. Kamfani ya kafe shi wuri ɗaya. Ajasta na'ura ce da ke sakin dunƙulen ya iya juyawa, sannan ta ba ka hanyar kulle shi a inda kake so. Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Hiace ya ga dabara makamanciyar wannan: sandar murɗarta a tsaye take bin tsawon mota, kuma akwai dogon noti a ƙarshenta na daidaita tsayi. Bambancin shi ne Hiace da nata ta zo daga kamfani, Beetle kuwa sai an yi mata tiyata.

A Amurka aka fi yayata wannan aiki. Samarin Kalifoniya na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 sun kasu biyu: masu sauke gaban Beetle don ado da tsere, da masu ɗaga ta don gudu a rairayin Baja. Mu dai a nan ba sai an tambaya ba, hanyoyinmu sun riga sun zaɓa mana ɓangare.

Ajasta iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne wanda ake kira Avis, ko Puma: faranti ne mai haƙora da ake waldawa a kan bututu bayan an tsaga dogon rami a jikinsa, an kuma saki dunƙulen asali ta hanyar huda wuraren da aka danne shi. Wani ƙaramin faranti mai haƙora ya hau kansa, noti ya matse su. Yana kwance jikin bututu, ba ya cin wuri, amma daidaita shi haƙori-haƙori ne. Na biyu shi ne irin Sway-A-Way: guntun bututu ne da ya zo da nasa dunƙulen da notin turawa. Sai ka yanke tsakiyar bututun mota ka cire, ka sa shi a gurbin ka walda. Daidaita shi ya fi sauƙi, juya noti kawai, amma ya fi tudu, dole ka duba ko zai taɓa jikin mota. Irin na biyun nan ɗan Kawu ya sayo.

Lissafi kafin zarto

Ga inda abin da muke yi a aji ya yi mini rana. Na auna hannun bim daga tsakiyar bututu zuwa inda boljoyin yake, na samu kusan milimita 150. Kaurin bututu daga waje kusan milimita 52 ne, rabinsa 26 ke nan. Idan hannu yana kusa da kwance, tsayin da za a samu kusan tsawon hannu ne sau sayin na kusurwar da aka juya. Digiri 10: sayin ɗinsa 0.174, sau 150, ya ba da milimita 26 a taya. Wannan digiri 10 ɗin a jikin bututu kuwa, 26 sau 0.174, milimita 4.5 kacal.

Ku sake duba alƙaluman nan. Milimita ɗaya a jikin bututu kusan shida ce a taya. Layin alli mai kauri shi kaɗai ya kai milimita uku, wato kuskuren kusan santimita biyu a tsayin mota. Shi ya sa Oga ya karɓe allin daga hannuna ya miƙo mini tsinin ƙarfe na zana layi. Mun shirya ƙara wa motar kusan milimita 30 a kan tsayinta na asali, wato juyin digiri 12 ko kusa da haka, milimita biyar da 'yan kai a jikin bututu.

Kafin a kwance komai, mun ajiye motar a daɓen siminti mai daidai, muka daidaita iskar tayoyi, muka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin mudgad a kusurwa huɗu, na rubuta a littafina. Ba a aunawa daga ƙasa, domin iskar taya na iya yaudarar ka. Hagu ta fi dama zama da fiye da santimita ɗaya. Oga ya ce in riƙe wannan a raina.

Kwance bim

Da farko a cire kan batir. Sannan a zuƙe mai a fitar da tanki gaba ɗaya, a kai shi nesa da inda za a yi walda. Na ji wasu na cewa ana iya walda ajasta bim na jikin mota. Kada ku yarda. Tanki a samansa yake, tiyon mai da na birki na wucewa kusa, kuma ba za ka iya zagaya bututu da walda mai kyau kana kwance a ƙasa ba.

A ɗaga mota a ɗora ta kan karagar ƙarfe, ban da jak shi kaɗai, ban da bulo. A cire tayoyi da shokozoba da sandar da ke hana mota tangaɗi, wadda aka ɗaure a hannuwan ƙasa. Wayar sifidomita tana ratsa cibiyar tayar hagu, a zare ta a hankali. A kwance tiyon birki a toshe bakinsu. A raba tayarod da boljoyin. A nan a kula: ko mota na sama, akwai sauran ƙarfi a ganyaye, don haka a tallafi hannun ƙasa da jak kafin a saki boljoyin, kada ya fizge ya tafi da yatsa.

Akwatin sitiyari a jikin bututun sama yake ɗaure. A yi masa alamar wurin zamansa kafin a cire. Bim kansa notuna huɗu ne ke riƙe shi a kan shasi, sai biyu daga sama da suka haɗa shi da jikin mota, waɗanda sai an cire tanki ake ganinsu. Yana da nauyi, mutum biyu ne aikin.

A kan benci, a kwance ƙananan notunan da ke riƙe hannuwa, a zare hannuwan, a rubuta wa kowanne wurinsa: sama hagu, ƙasa dama, da sauransu. A kwance notin tsakiya a zaro ganyaye. Da muka zaro na bututun ƙasa, sai ga ganye biyu a karye a ɓangaren hagu. Oga ya dube ni ya ce, "Ka ga santimitarka?" Wannan shi ne darasi na farko da ba na cikin takardar ajasta: ajasta ba ya maganin karyayyen ganye. Da mun sa shi a haka, da mun ɗora wa ganye takwas aikin goma, kuma motar ta ci gaba da karkata. Kwana uku muka yi muna neman wani jerin ganyayen a wajen masu tsofaffin motoci kafin muka samu mai lafiya.

Sai wanki. Bututun cike suke da giris na shekaru, kuma giris da wutar walda ba sa ga maciji. Muka yi ta tura tsumma da sanda har ya fito fes. A cikin kowane bututu akwai boris a baki da bushin can ciki, waɗanda hannuwa ke juyawa a kansu. A duba su yanzu. Idan sun ci, wannan ne lokacin canza su, kuma a tuna zafin walda na iya lalata bushin na ciki.

Alama da yanka

A zana dogon layi a jikin kowane bututu, ya bi tsawonsa, ya ratsa tsakiyar ramin notin asali, ya wuce inda za a yanka da kamar tafin hannu a kowane gefe. Ƙarfe mai kusurwa, wanda masu walda ke kira angul, idan ka kifa shi a kan bututu zai zauna daidai ya ba ka layi miƙaƙƙe. Wannan layi shi ne shaidar inda kamfani ya ajiye dunƙule. Da zarar ka yanke tsakiya ka jefar, ba ka da wata shaida sai shi.

Sannan a auna faɗin ajastan da ke hannunka, kada a dogara da abin da wani ya faɗa. A raba biyu, a auna rabi hagu rabi dama daga tsakiyar ramin noti. Dole notin ajasta ya faɗa daidai inda na asali yake, in ba haka ba gurbin da ke jikin ganyaye zai gusa, hannun gefe ɗaya ya ƙi shiga har ƙarshe. Don layin yanka ya zagaya daidai, a naɗe bututu da takarda mai miƙaƙƙen baki a bi bakinta.

Doka mafi girma: bututu ɗaya ake yankawa a lokaci guda. Na biyun shi ke riƙe faɗin bim da miƙewarsa. Ka yanke duka biyu, ka mayar da bim gida biyu, kuma sai mai na'urar riƙe ƙarfe ta musamman zai iya maido da shi daidai. Mun fara da na ƙasa. Na yanka ta cikin layi, na bar ɗan rara, muka ƙarasa da magagari har ajasta ya shiga da ɗan bugun hannu, babu gibi. Muka goge bakunan suka yi gangare don walda ta shiga ciki sosai.

Inda na kusa kashe motar Kawu

Saura a yanke kusurwar da ajasta zai zauna. Ajasta yana da iyakar juyi. Idan ka sa tsakiyar tafiyarsa a kan layin asali, za ka samu rabi sama rabi ƙasa. Idan ɗagawa kawai kake so, sai ka sa farkon tafiyarsa a kan layin, sauran duka ya tafi ɓangaren ɗagawa. Oga ya tafi duba wata mota ya ce in saita in ɗiga walda huɗu kawai, kada in wuce haka.

Na zauna na yi tunani irin na ɗalibi mai ji da kansa. Na ce, don mota ta ɗaga, taya ce za ta sauka. Tunda taya za ta sauka, to noti ma ƙasa zai yi. Na saita ajasta yadda duk tafiyarsa ƙasa take, na matse da angul biyu, na ɗiga walda huɗu, na tsaya ina jiran yabo.

Oga ya dawo, bai ce komai ba. Ya ɗauko ganyaye ya zura, ya sa hannu ɗaya a gefe, ya ce, "Kai, zo ka juya notin nan zuwa inda ka ce mota za ta tashi." Na juya. Hannun ya ɗaga sama. Na ji gumi ya karyo mini, domin hannu ya yi sama yana nufin taya ta shige cikin mudgad, mota ta zauna ƙasa. Ya ce, "Noti a ina yake?" Na ce a gaba. "Hannu fa?" Na ce a baya. Ya ce, "To sikelin mai nama ka taɓa ganin gefe biyu sun sauka tare?"

Abin da na manta ke nan. Bututu shi ne tsakiyar sikeli, noti a gabansa, hannu a bayansa. Noti ya yi sama, hannu ya yi ƙasa, mota ta ɗaga. Noti ya yi ƙasa, hannu ya yi sama, mota ta sauka. Da na yi cikakkiyar walda, da sai an sake yanka, kuma kowane yanka yana cin bututu, ga zafi sau biyu a wuri ɗaya. Da na mayar wa Kawu mota mai ja da ciki fiye da yadda ya kawo ta. Amma ɗigo huɗu ne, minti goma muka goge su. Tun ranar na fahimci dalilin da ya sa ya ce kada in wuce huɗu: ya san zan iya yin kuskuren, ya bar ni in yi shi a inda ba zai yi tsada ba.

Walda

Bayan mun gyara kusurwa muka sake ɗigawa, muka zura ganyaye da hannuwa biyu muka tabbatar komai na juyawa ba tare da cijewa ba, muka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin bututu ta gaba da ta sama don ganin bai lanƙwashe ba. Sannan muka zare ganyayen. Ba a walda da ganyaye a ciki, domin zafi na kashe ƙarfin sifirin.

Waldar kanta Oga ne ya yi, kuma ban ji haushi ba. Wannan ɗinki shi zai ɗauki nauyin gaban mota da duk ramin da za ta faɗa, ba wurin koyon hannu ba ne. Ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a gefe biyu don kare bushin. Ya yi ɗan guntu a nan, ya juya ya yi kishiyarsa, ya bari ya huce, ya ci gaba. Walda tana jan ƙarfe wajen da aka yi ta idan tana hucewa, don haka wanda ya zagaya a numfashi ɗaya zai samu bututu kamar baka. Bai zuba ruwa a kan ɗinkin ba, ya bar shi ya huce da kansa. Ya kuma riƙa juya dunƙulen ciki tsakanin guntu da guntu don kada tartsatsi ya kama shi.

Da na ƙasa ya gama hucewa muka yi na sama, a kusurwa ɗaya da shi daidai. Idan ajasta biyu suka saɓa, bututu ɗaya zai ɗauki nauyin da ya fi nasa, mota ta yi tauri ko ganye ya karye. Kafin mu gama waldar na sama mun ɗaga bim mun gwada shi a jikin mota, don ganin tudun ajasta bai taɓa mazaunin safaya taya ba.

Mayarwa da daidaitawa

A share cikin bututu daga ɓarɓashin ƙarfe, a yi fenti a kan waldar. Wajen zura ganyaye, a ɗaure bakinsu da salatif ko siririyar waya don su shiga dunƙule a tare, a kuma tabbatar gurbinsu na kallon noti. A shafa musu giris. Kowane noti a ɗaure shi da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa, a sa na kullewa a kai. Bayan an haɗa komai a dura giris ta bakunan da ke jikin bututu, a fitar da iska daga birki.

Ba a juya ajasta nauyin mota na kansa. A ɗaga gaba tayoyi su yi lilo, a juya na sama da na ƙasa daidai wa daida, a kulle, a sauke, a tura motar gaba da baya, a danna gabanta sau biyu ko uku, sannan a auna. Sau uku muka yi haka kafin muka samu abin da muke so, hagu da dama kuma suka zo ɗaya.

Abin da tsayi ke jawowa

A nan ne masu gaggawa ke miƙa makulli, alhali aiki bai ƙare ba. Tafiyar hannu sama da ƙasa tana da iyaka. Duk milimitar da ka ƙara a tsayi, ka cire ta ne daga tafiyar da taya za ta yi ƙasa idan ta faɗa rami. Ka zarce, boljoyin ya kai ƙarshen juyinsa, shokozoba ya miƙe har iyaka, mota ta riƙa bugawa kamar amalanke. Boljoyin da ke cijewa kuwa wata rana zai fita, kuma a kan gudu yake fita. Mai saukewa ma haka, ta ɗaya ɓangaren: yana buƙatar gajeren shokozoba da boljoyin mai doguwar tafiya.

Na biyu shi ne kasta, wato ɗan kwanciyar da sandar juyin taya ta yi zuwa baya, wadda ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan kwana. Tazarar tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce. Ka sauke gaba kaɗai da milimita 50, mota ta duƙa da kusan digiri 1.2, kuma wannan daga kasta ake cire shi, alhali dukansa 'yan digiri kaɗan ne. Sakamakon shi ne mota mai yawo a titi. Maganinsa shim ne da ake sawa tsakanin bututun ƙasa da shasi. Mu da muka ɗaga, kasta ƙaruwa ya yi kaɗan, ba mu buƙaci shim ba.

Na uku, kusurwar tayarod ta canza, don haka bakin tayoyi ya gusa. Dole a je alaimen, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan makonni. Na huɗu, fitilun gaba: gaban mota ya ɗaga, haske ya koma idon mai tahowa, sai an sake saita su. A kuma juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, tayoyi na lilo, a ga tiyon birki bai miƙe ba.

Oga ne ya fara gwada motar, a hankali, a bayan gareji, sannan ya hau titi. Muka dawo muka sake duba kowane noti da ɗinkin walda da tocila. Ya ce wa Kawu ya dawo da ita bayan mako guda a sake aunawa, domin ganyaye kan ɗan zauna. Ya dawo, mun ƙara rabin juyi a kowane ajasta.

Ga masu neman aikin kammala karatu, wannan fage ne mai kyau: akwai murɗa, akwai lissafin kusurwa, akwai walda da illar zafi, duk a ƙarfe ɗaya da mutum biyu za su iya ɗauka. Ku nemi mataccen bim a wajen masu tsofaffin motoci ku koya a kansa, kada ku fara da motar da wani ke hawa. Ku zana layi kafin ku yanka, ku yanka ɗaya ku bar ɗaya, ku ɗiga ku gwada kafin ku ɗinke.

Ranar da Kawu ya zo ɗaukar motar, ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya tambayi Oga ko yaron ya yi ƙoƙari. Oga ya ce, "Ya yi, Malam. Ya ma koyi sikeli." Kawu bai gane ba, ni kuma ban yi masa bayani ba sai da muka hau tudun rage gudun da ke bakin kasuwa muka sauka ba mu ji komai ba.